Babi na Bakwai: Tsakanin “Na Gane” da “Na Daina”

Duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin sauraron damuwar mutane, ko likitan ƙwaƙwalwa ne a asibiti, ko jami'in ba da shawara a ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ko kuwa limamin unguwa da ake sallama da shi bayan sallar Isha'i, idan ya daɗe a kan aikin zai tarar cewa mai musu ba shi ne ya fi ba da wahala ba. Mai musu an san inda aka dosa da shi, kuma mun riga mun yi bayaninsa a babin da ya gabata. Wanda yake sa jikin mai taimako ya yi sanyi shi ne saurayin da ya yarda da kome, wanda in aka ba shi dama zai warware tarihin ciwonsa dalla-dalla har ya fi likita iya bayani: ya san shekarar da ya fara, ya san tiramol ya soma sha don ya jure zaman tuƙi daga hantsi zuwa dare, ya san duk ranar da aka yi masa gori a gida a ranar yake ninka abin da ya saba, ya san cewa mahaifiyarsa ba ta barci saboda shi. Zai faɗi wannan duka da hawaye, ba kuwa hawayen yaudara ba, ya yi rantsuwa cewa daga yau ya daina, sa'an nan kafin mako ya zagayo a tsince shi a kangon da aka saba tsintarsa.

Wannan mas'ala tsohuwa ce, kuma malamanmu sun riga likitocin zamani tsayawa a kanta. Hujjatul Islam Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, daidai da 1111 ta Miladiyya, da ya zo bayanin tuba a cikin Ihya'u Ulumiddin, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan malaman Kano, sai ya kasa ta kashi uku masu bin juna, watau ilimi, da hali, da aiki. Ilimi shi ne mutum ya san girman cutarwar abin da yake yi. Hali shi ne zafin nadama da wannan sani yake haifarwa a zuci. Aiki kuwa shi ne barin abin a yanzu, da ƙudurin ƙin komawa nan gaba, da gyara abin da aka ɓata a baya. A ganina babban kuskurenmu, mu masu nasiha da masu magani baki ɗaya, shi ne muna gamsuwa a mataki na biyu, domin kuwa nadama abu ce da ake gani da ido, tana da daɗi ga mai wa'azi, tana sa iyaye su yi ajiyar zuciya su ce alhamdu lillahi yaro ya shiryu, alhali kuwa a lokacin ne aikin gaskiya yake farawa. Idan kuma yaron ya koma, sai mu juya ga karin maganar nan da ke cewa hali zanen dutse, mu wanke hannunmu. Shi Imamu Gazali bai yarda da wannan ba ko kaɗan; ya kafa hujja cewa da ɗabi'a ba ta sauyuwa, da wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk sun zama aikin banza, kuma tun da ana horar da doki mai tutsu har ya yi laushi, ba daidai ba ne a fid da rai daga ɗan Adam mai hankali.

Ina rubuta wannan ne da Tudun Murtala a zuciyata, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, 'yar'uwar Gama da Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata, unguwar masu neman na kansu, wadda da yawa daga iyayen samarinta suka ci abinci a masana'antun Bompai kafin akasarinsu su rufe ƙofa. Ba ta fi sauran unguwanni wannan ciwo ba, ba ta kuma kuɓuta daga gare shi ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan tsakanin shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, a jihar Kano kuwa adadin ya kai kashi 16 cikin 100, watau sama da mutum miliyan ɗaya. Kafin nan, a ƙarshen Afrilun 2018, BBC ta fitar da wani rahoton bincike kan kodin wanda ya nuna samari ɗaure da sarƙa a wata cibiya a Ɗorayi, washegari kuma gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Haramcin ya yi amfaninsa, amma doka kwalba take iya kamawa, ita kuwa buƙatar da ke jikin mai sha tana nan, sai ta nemi wata ƙofa, ko roci, ko wiwi, ko sholisho, ko wani haɗin da ba shi da suna ma tukuna. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kuwa, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba, saboda haka ko da asibitin Dawanau da sashen masu taɓin hankali na asibitin Malam Aminu Kano sun yi iyakar ƙoƙarinsu, mafi yawan wannan aiki a hannun iyaye da yayye da malaman unguwa zai ƙare.

Iyaye kuwa, da yake sun gaji, abin da ya fi zo musu a rai shi ne a killace yaro. Wannan tunani ne ya raya gidajen mari shekara da shekaru, har zuwa Satumban 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, aka sake ganin irinsa a Daura cikin Oktoba, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe waɗanda ke jiharta. Zaluncin da aka gani a waɗannan wurare ya isa hujja a kansu. Amma ko da a ce babu duka babu yunwa, ko da a ce asibiti ne mai tsabta da gado da magani, akwai wata illa da killacewa kaɗai ba ta iya kawarwa, ita ce wanda aka tsare wata shida bai sha ba, ba a koya masa yadda zai ƙi sha ba, hana shi kawai aka yi. Ranar da aka sallame shi kuwa, lungun da ya bari yana nan, kemis ɗin yana nan, abokan suna nan a kan bencinsu, har ma sun yi kewarsa.

Akwai wani abin mamaki da ya faru a Amurka wanda ya haska wannan al'amari fiye da dogon bayani. A lokacin yaƙin Biyetnam hankalin hukumomin ƙasar ya tashi da jin cewa sojojinsu sun faɗa shan hodar heroyin, aka ɗora wa wata masaniya, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka komo gida a Satumban 1971. Ta tarar wajen kashi 20 cikin 100 sun kamu sosai a can fagen yaƙi, ana kuwa tsammanin za su cika titunan ƙasar da maye. Sai ga shi daga cikin waɗanda suka kamu ɗin, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kaɗai suka sake kamuwa a shekarar farko, cikin shekara uku kuma kashi 12. Ba wani magani na musamman aka yi wa galibinsu ba. Abin da ya sauya shi ne an raba su da wurin, da abokan shan, da fargabar mutuwa, da arahar ƙwayar. Duk ɗalibin hadisi da ya ji wannan zai tuna ƙissar da Buhari da Muslim suka ruwaito ta mutumin nan da ya kashe rai ɗari ya zo yana neman ƙofar tuba, malamin da ya yi masa fatawa bai tsaya ga yi masa bushara da rahamar Allah ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu domin mugun wuri ne, ya tafi wani gari inda ake bauta wa Allah ya zauna tare da mutanensa. Malamin ya ga nadamarsa, bai kuma yi shakkarta ba, amma ya san nadamar da aka mayar cikin tsohon zama ba ta daɗewa.

To, sai dai saurayin Tudun Murtala ba shi da jirgin da zai ɗauke shi ya raba shi da unguwarsu. Wani akan tura shi wurin kawunsa a ƙauye ko wurin yayansa a Legas, wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa ya tarar da irin abokan da ya baro suna jiransa a tasha. Mafi yawa dai a nan za su zauna, ɗaki ɗaya da ƙannensu, saboda haka hijirar da za ta yiwu gare su ƙarama ce, ta sauya hanya, da sauya sa'a, da sauya hannun da kuɗi ke kwana a ciki. A nan ne gwanintar mai taimako take bayyana, domin aikinsa shi ne ya sauko da magana daga sama, daga “ni mutumin banza ne” da “zan gyara rayuwata”, ya kawo ta kan gobe da yamma. A ɗauki misalin direban adaidaita sahu da ya zauna gaban likita ya gama rantsuwarsa.

“To, Malam, ka ce ka daina, na kuwa yarda da kai. Gobe da yaushe za ka kai wa mai mashin balas?”

“Gab da Magariba, Likita.”

“In ka miƙa, abin da ya saura a ina yake kwana?”

“A aljihuna.”

“Ta ina kake bi zuwa gida?”

“Ta bakin kemis ɗin nan, sai in ɓulla ta wajen mai shayi.”

“Wa yake fara yi maka magana?”

A nan sai saurayin ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, domin tambayar ta taɓa inda ciwon yake; wanda ke fara yi masa magana abokinsa ne tun na makarantar allo, wanda ya tsaya masa ranar da 'yan wata unguwa suka tare shi, kuma ba da mugunta yake cewa “Mutumina, yau ba caji ne?” ba. Likita mai basira ba zai zagi wannan aboki ba. Zai tambaya, “In ya faɗi haka gobe, me za ka ce masa? Faɗa mini yadda za ka faɗa masa, da bakinka.” Su maimaita har amsar ta zauna a harshe. Sa'an nan su daidaita a kan abubuwa biyu ko uku ƙanana, waɗanda saurayin ne da kansa ya zaɓa: in na kai balas, sauran kuɗin zan miƙa wa Umma kafin in cire takalmi, in na fito daga gidan mai mashin, ta layin masallaci zan bi ko da ya fi nisa, in an sallame Magariba, zan zauna wurin karatun littafi har a yi Isha'i. Wannan tazara ta tsakanin Magariba da Isha'i, da abin da ke biyo bayanta zuwa ƙarfe goma, ita ce mafi hatsari a yinin yawancin samarinmu, domin a cikinta gajiya da kuɗi da duhu da abokai suke haɗuwa wuri guda.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a kira shi magani ba. Amma wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya shafe shekaru yana gwada bambancin da ke tsakanin niyya sake da niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri, kuma ɗaya daga gwaje-gwajensa da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2001, a kan masu shan ƙwaya aka yi shi, suna tsakiyar azabar yayewa a asibiti. An nemi kowannensu ya rubuta taƙaitaccen tarihin karatunsa da aikinsa, irin wanda ake neman aiki da shi, kafin ƙarfe biyar na yamma, duka kuwa suka ce za su yi. Mutum 10 aka sa suka faɗi a ina za su zauna su rubuta da kuma ƙarfe nawa, sauran 10 ba a sa su ba. Da lokaci ya cika, 8 daga rukunin farko sun miƙa takardarsu, daga na biyu kuwa ko mutum ɗaya. Hikimar ita ce, wanda ya yanke shawara tun da safe, hankalinsa kwance, ya ɗauke wa kansa nauyin yanke ta a lokacin da jiki ke kaɗawa, zuciya na raya masa abubuwa.

Wannan ma Imamu Gazali ya riga ya tsara shi, da sunan musharaɗa da muraƙaba da muhasaba. Ya kwatanta hankali da ɗan kasuwa, rai kuma da abokin cinikinsa: da safe bayan sallar Asuba a gindaya masa sharuɗɗa filla-filla, da rana a sa masa ido, da dare a zauna a yi lissafi. Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ya ga maigida ya jawo littafi da yamma yana bin yadi ɗaya-ɗaya da yaronsa, ya san cewa ba a cewa yaro “ka riƙe amana” a tafi sai baɗi. Kullum ake lissafi, domin ɓarnar yini ɗaya tana gyaruwa, ta shekara kuwa karya jari take yi. Saboda haka yana da kyau mai neman dainawa ya sami ɗan littafi, ko da na ɗaliban firamare ne, kowane dare ya rubuta layi biyu, yau sha'awar ta zo da ƙarfe kaza, a wuri kaza, na yi kaza. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa wa mutum guda da ya amince da shi. Da wannan littafi za a buɗe zama na gaba, kafin a tambaye shi yadda yake ji.

Na ce saurayin ne zai zaɓi sharuɗɗan da kansa, kuma ina so in tsaya a kan wannan, domin ya saɓa wa yadda muka taso. Mu a al'adarmu babba ke faɗa, yaro ya ce to. “To” ɗin nan kuwa sau da yawa ladabi ne kawai, ba alkawari ba ne. William Miller, wani masani Ba'amurke da ya fito da wata hanyar tattaunawa da mashaya giya a 1983, ya gano tare da abokan aikinsa cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya tsananta faɗa da ƙure mutum, gwargwadon yadda mutumin yake ƙara sha bayan shekara guda. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san zuciyar ɗan Adam: in ka tsaya kana kawo hujjar dainawa, sai shi kuma ya tsinci kansa yana kawo hujjar ci gaba, ko a baki ko a zuci, kuma mutum maganar da ta fito daga bakinsa ya fi gaskatawa. Wannan ba ya nufin uba ya zubar da girmansa, ko malami ya daina faɗin halal da haram. Yaron ai ya san hukuncin tun yana ƙarami. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wani babba ya tambaye shi, “Kai me kake ganin za ka iya yi a wannan mako?” sa'an nan ya yi haƙuri ya jira amsa.

Haka kuma wajibi ne a yi wa majalisar abokan nan da ake so ya bari adalci, a tambayi abin da take ba shi. Tana ba shi wurin zama inda ba a yi masa kallon ɓatacce, tana ba shi dariya, da bashin naira ɗari biyar ranar da babu, da mutanen da za su neme shi in kwana biyu ba su gan shi ba. Wanda ya ce masa ya bar wannan duka ya koma ɗaki ya zauna shi kaɗai da wayarsa, ya ɗora masa abin da ko mai lafiya ba zai iya ba. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba a raba mutum da zama sai an ba shi wani zaman, ko ƙungiyar ƙwallon unguwa, ko garejin da zai koyi gyaran mashin, ko makarantar dare, ko dakon kayan gwari a kasuwar 'Yankaba da sassafe wanda zai sa barci ya ɗauke shi da wuri. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fahimci wannan tun 1954, lokacin da ya fara saukar da marasa lafiyar asibitin Aro na Abeokuta a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, domin ya ga cewa lafiyar da aka samu cikin mutane ta fi jure komawa cikin mutane.

Sai maganar lokaci, wadda azumin Ramadan yake koya mana ita kowace shekara ba mu lura ba. Kowa a unguwa ya san samarin da suke ajiye kome ranar da aka ga wata, su cika sahun asham, wasu har da tahajjud, iyaye su yi ta murna, sa'an nan ranar hawan salla da yamma a ga an riƙo su. Mutane sukan ce munafunci ne, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba. A watan azumi garin ne gaba ɗaya yake yin hijirar da muka ambata: lokacin cin abinci ya sauya, lokacin barci ya sauya, majalisa ta watse ta koma wurin tafsiri, abokin da ke tayi shi ma yana jin nauyi. Ranar salla kuwa duk wannan rumfa ake yaye ta a yini ɗaya, ga kuɗin barka da salla a aljihu. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, aka buga a 2010, ya bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada mai sauƙi, kamar shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan gudu kafin cin abincin dare, aka ga a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu 18, wasu kuwa lissafi ya nuna sai sun kai 254. Idan shan ruwa ya ɗauki haka, ina ga barin abin da jiki ya shekara biyar yana nema? Kwana 29 ko 30 mafari ne mai albarka, amma mai hikima tun goman ƙarshe zai zauna da yaron su tsara ranar salla sa'a bayan sa'a, da wanda zai raka shi kallon hawa, da wanda zai riƙe masa kuɗi, su kuma ɗora da Sitta Shawwal don kada igiyar ta yanke a lokaci guda. Shari'a kanta da sannu ta bi da mutanen farko wajen haramta giya, mataki bayan mataki, kuma Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba.

A nan akwai gargaɗi na likitanci da bai kamata a tsallake ba. Wanda jikinsa ya saba da roci ko diyazefam da danginsu, yanke su rana ɗaya yana iya jawo farfaɗiya har da rasa rai, sai a hannun likita ake rage su kaɗan-kaɗan. Tiramol da kodin kuma barinsu yana zuwa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da gumi da rashin barci na kwanaki, wanda iyaye sukan ɗauka aljanu ne ko sammu. Addu'a da ruƙiyya suna da gurbinsu, ba kuwa sa hana a je asibiti.

Duk da wannan shiri, akasari za a yi tuntuɓe, kuma gara a faɗa wa yaro da iyayensa haka tun ranar farko. Tun 1971 masu bincike suka lura cewa wajen kashi biyu cikin uku na masu barin taba da giya da heroyin sukan koma cikin wata uku na farko. Alan Marlatt, wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin wannan komawa, ya nuna cewa sha ɗaya ba shi ne yake rusa mutum ba, fassarar da ya yi wa shan ita ce take rusa shi: in ya ce a ransa shi ke nan, na karya rantsuwa, dama ni ba mai shiryuwa ba ne, sai kunya ta hana shi komawa wurin likita, ta hana shi haɗa ido da mahaifiyarsa, ba kuwa inda ya san ana kashe kunya sai wurin da ya baro. Mu kuma a gida sai mu taya wannan fassara da bakinmu, da “ai dama na faɗa”, da “mai hali ba ya fasa halinsa”, wani uban har ya kai ga yin baki. Alhali ya tabbata a cikin Buhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Abin da ya kamata washegarin tuntuɓe shi ne a buɗe ɗan littafin nan a duba: ƙarfe nawa ne, a ina, me ya faru kafin nan, wane sharaɗi ne ya yi rauni, a gyara shi a ci gaba da ƙirga kwanaki daga inda aka tsaya. A kuma sanar da shi tun da wuri cewa jikin da ya huta wata biyu ba ya ɗaukar adadin da ya saba ɗauka a da, da yawa daga waɗanda ƙwaya ta kashe a irin wannan komawa suka tafi.

Duk abin da na faɗa har yanzu a kan namiji na gina shi, mai hanyar da zai sauya da majalisar da zai ƙaurace wa. Amma rahoton nan na 2019 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan ɗaya mace ce, kuma matar aure da ke cikin gida a Tudun Murtala ba ta da layin masallacin da za ta bi ta kauce. Kwalbar har ɗaki take iske ta, a jakar ƙawa, ko a hannun yaron aike, ko a gidan biki, abin da ke tunzura ta kuma, ko kishi ne ko kaɗaici ko miji mai dogon zama a waje, yana tare da ita a tsakar gida ɗaya. Ga kunya da ta ninka ta namiji, domin ranar da maganar ta fita aurenta ne a kan layi, har da auren ƙannenta. Mai taimakon da ya zauna da irin wannan baiwar Allah tilas ya fara da tambayar wa za a iya shigarwa cikin sirrin ba tare da an tona shi ba, uwa ce, ko yaya, ko malamar Islamiyya, ko kuwa mijin ne in mai haƙuri ne, kuma wannan tambaya da abin da ke biyo bayanta su ne za mu ɗauka a babi na takwas.